Yaƙin Rocroi a bisa tebur: yadda ake sake gwabza yaƙin 1643 da sojojin darma

Idan aka ce wa mai karatu akwai magidanta a ƙasashen Turai, cikinsu har da likitoci da malaman makaranta da manyan ƴan kasuwa, waɗanda kan haɗu ranar Asabar su share wuni guda cur suna tura ƴan mitsi-mitsin sojojin darma a bisa tebur, ba mamaki ya yi dariya ya ce ƙoshi ne ya yi musu yawa. Da ganin farko kam abin ya yi kama da wasan yara. To amma wanda ya tsaya ya duba da kyau zai tarar mutanen nan tarihi suke karatu, ta wata hanya wadda littafin lakwal bai saba bi ba. Faransawa na kiran abin jeu d'histoire, wato wasan tarihi. Akan ɗauki wani yaƙi da aka yi tun kaka da kakanni, a shimfiɗa filinsa a bisa tebur, a jera rundunonin kamar yadda suka ja daga a ranar, sa'an nan a ce wa mutum: ga ka a matsayin sarkin yaƙi, yaya za ka yi?

Cikin yaƙoƙin da masu wannan wasa ke sha'awa akwai na Rocroi, wanda Faransa da Ispaniya suka gwabza ranar 19 ga Mayu 1643. Waɗanda suka karanta tarihin Faransa daga cikinmu sun san sunan. Layi biyu ne ko uku a littafi: a haddace shekara, a haddace sunan wanda ya ci, a wuce gaba, kamar dai tun fil'azal babu yadda za a yi Faransa ta faɗi a wannan rana. Tebur kuwa yana nuna cewa saura ƙiris ta faɗi.

Asalin wasan

Daga barikin soja abin ya fito. A shekara ta 1824 wani ƙaramin hafsan igwa na ƙasar Purusiya mai suna Reisswitz ya gyara wani wasa da mahaifinsa ya ƙago, ya nuna shi ga shugaban hafsoshin ƙasar, Janar Müffling. Taswirar ƙasa ta gaske aka shimfiɗa, aka ɗora mata ƴan guntayen darma, ja da shuɗi, kowane guntu yana wakiltar ƙungiyar soja. Ɓangarorin biyu ba su ganin duk abin da juna ke yi. Sai dai kowa ya rubuta umarninsa ya miƙa wa alƙalin wasa, shi ne zai motsa guntayen, ya faɗa wa kowane ɓangare iyakar abin da idon sojansa zai iya hangowa. Müffling ya ga wannan horon yaƙi ne na sosai, ya sa aka yaɗa shi cikin rundunar ƙasar. Sunansa da Jamusanci Kriegsspiel. Da Purusiya ta ci Faransa a yaƙin 1870 zuwa 1871, sai sojojin sauran ƙasashe suka shiga koyonsa.

Wanda ya fito da wasan daga bariki ya kai shi tsakar gida shi ne marubucin nan na Ingila, H. G. Wells, da ya wallafa ɗan littafi mai suna Little Wars a 1913. Shi da abokansa a ƙasa suke durƙusawa, suna harbin sojojin wasa da ƴar igwa mai cilla ɗan itace. Wells mutum ne da ya ƙi jinin yaƙi, fatansa kuwa shi ne duk wanda ya yi wasan ya gane irin wautar da ke cikin yaƙi na gaske. Shekara guda bayan fitowar littafin Yaƙin Duniya na Farko ya ɓarke. A 1962 wani Bature na Ingila, Donald Featherstone, ya fitar da littafin War Games, wanda ya yaɗa wasan a siffar da aka san shi yanzu, ta awo da ƙuri'a maimakon harbi. Daga nan ƙungiyoyi suka yi ta tsiro. A Landan akwai babban taron shekara-shekara mai suna Salute, a Faransa kuma an kafa mujallar Vae Victis a 1995 domin masu wannan sha'awa.

Kayan wasa da ƙa'idodinsa

Teburin da aka fi amfani da shi tsawonsa santimita 180 ne, faɗinsa 120. Akan rufe shi da koren ƙyalle, a dasa ƴan itatuwa inda kurmi yake, a shafa launi inda fadama take, a gina ƴar ganuwar gari a gefe guda. Sojojin da garin darma da kuza ake zuba su, ko kuma da roba, tsayinsu milimita 28 ne, ko 15, ko ma 6 ga mai son ya nuna runduna mai yawa a ɗan wuri. Ba su zuwa da launi. Mai shi ne zai zauna da ɗan siririn buroshi ya yi musu fenti ɗaya bayan ɗaya, aikin da kan ci watanni. A nan ma karatun yake farawa, domin a 1643 sojoji ba su da kaki iri ɗaya. Kowa da tufafinsa, da ɗamara ake gane ɓangare: fara ta Faransa, ja ta Ispaniya. Tutocin Ispaniya kuma suna ɗauke da jan gicciye mai ƙaya-ƙaya da ake kira gicciyen Burgony. Wanda bai bincika ba sai ya yi wa rundunarsa shigar wani ƙarni, abokan wasa su yi masa dariya.

Soja guda a bisa tebur yana wakiltar mutane da yawa. A Rocroi, bisa ƙiyasin da aka fi yarda da shi, Faransa ta zo da mutum kimanin 23,000, Ispaniya kuma kimanin 27,000. Idan aka ce kowane sojan darma ya tsaya a madadin mutum 50, to ana bukatar guda 1,000 ke nan kafin a cika filin. Shi ya sa wasan ya fi daɗi ga ƙungiya: wannan ya kawo barade, wancan ya kawo dakaru, wani ya kawo igogi, kuma kowa ya riƙe sashen rundunar da aka ba shi.

Akwai littattafan ƙa'idoji iri-iri na wannan zamani, kamar Pike & Shotte na Ingila da Tercios na Ispaniya, amma ginshiƙinsu ɗaya ne. Ana yin wasan bi da bi. Da ma'aunin tela ake auna tafiya: doki ya fi mai ƙafa nisa, kurmi da fadama suna rage sauri. Harbi da karo kuwa da ƙuri'a ake yanke su, wato ɗan dutsen nan mai fuska shida irin na wasan lido. Kada mai karatu ya ji an ambaci ƙuri'a ya zaci caca ce, ko dala ba a zubawa. Lissafi ne. A misali, ƙa'ida na iya cewa harbin tsohon soja ya samu idan ƙuri'a ta nuna 3 ko sama, na sabon shiga kuwa sai ta nuna 5 ko 6. Ka ga na farko yana da fuska huɗu cikin shida, na biyu yana da biyu, wato tsohon hannu ya ninka sabo, amma duk da haka yana iya kuskurewa. Haka ake gwada ƙarfin zuciya: ƙungiyar da ta sha wuta, ko ta ga maƙwabciyarta ta watse, sai a jefa mata ƙuri'a a ga ko za ta tsaya ko za ta ranta a na kare. Nan ne wasan ya sha bamban da dara. A dara komai a fili yake, ɗan da ka tura kuwa ba ya ƙin tafiya. A wannan tebur umarninka yana iya makara, dokinka ya gaji, na ƙarƙashinka ya yi gaban kansa.

Halin da ake ciki a 1643

Turai a lokacin tana tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, wanda ya fara a 1618 ya ƙare a 1648. Faransa ta shelanta yaƙi da Ispaniya tun 1635, ko da yake gidajen sarautar biyu surukan juna ne: matar Sarki Luwi na 13 ƴar'uwar Sarki Filib na 4 na Ispaniya ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ƙasar da ake kira Beljik yanzu tana hannun Ispaniya, daga can ne ma gwamnanta, Francisco de Melo, ya ƙetaro iyaka ya yi wa ɗan garin Rocroi ƙawanya a yankin Ardennes. Ya zaɓi lokacinsa da kyau. Richelieu, wazirin da ya riƙe Faransa, ya mutu a Disamba 1642. Sarki Luwi na 13 ya bi shi ranar 14 ga Mayu 1643, kwana biyar kafin yaƙin, ya bar gadon sarauta ga yaro ɗan shekara 4, wato Luwi na 14.

Melo yana da dalilin taƙama. A 1642 ya ci Faransawa a Honnecourt. Kuma a hannunsa akwai dakarun da suka fi ƙarni guda suna razana Turai, waɗanda ake kira tercio: taron ƴan mashi ne masu dogayen masu na kimanin mita biyar, kewaye da ƴan bindiga masu kunna albarushi da lagwani. Idan suka dunƙule wuri guda sai su zama kamar birni mai tafiya, doki ba ya iya kutsa su. Sai dai ba dukan rundunar ce Ispaniyawa ba, akwai Italiyawa da Jamusawa da mutanen Waloniya, kowa da harshensa da hafsoshinsa.

A gefen Faransa kuwa saurayi ne ɗan shekara 21 ke riƙe da runduna, Yarima Luwi mai sarautar Enghien, wanda daga baya duniya ta sani da sunan Condé. An haɗa shi da tsohon hafsa, L'Hôpital, domin ya riƙa ja masa linzami. Da aka zauna shawara, tsohon ya ce kada a yi kasadar gwabzawa. Yarima da Gassion, sarkin baradensa, suka ce a shiga.

Mashiga uku da yaƙin ya bi

Mai shirya wasan Rocroi a bisa tebur yakan tarar da wurare uku inda rana ta iya juyawa.

Na farko shi ne mashigi. Garin yana cikin wani fili ne da kurmi da fadama suka kewaye, hanyar shiga kuwa matsattsiya ce. Ranar 18 ga Mayu rundunar Faransa ta bi ta wannan hanya a jere, lokacin da ƴan bindiga kaɗan za su iya tsare ta. Melo bai tsare ba. Masana tarihi da yawa na ganin so ya yi su shigo fili ya gama da su gaba ɗaya, musamman da yake Janar Beck yana tafe da gudummawar mutum kimanin 6,000. Da maraicen ranar ma La Ferté, mai riƙe da hannun hagun Faransa, ya matsa wajen gari ba da izini ba, ya bar gefen rundunar a buɗe, Melo bai ci gajiyar haka ba. A bisa tebur, idan aka fara wasan tun daga ranar 18, wanda aka ba matsayin Melo yana da damar toshe mashigin, daga nan kuwa labarin duka ya sake.

Na biyu shi ne dare. Wani da ya gudo daga sansanin Ispaniya ya kawo wa Yarima labari biyu: Beck ya kusa, kuma an ɓoye ƴan bindiga kimanin 1,000 a kurmin da ke hannun damansa. Yarima ya sa aka share kurmin tun kafin asuba, ya kuma ƙudurta farmaki kafin gudummawar ta iso. A nan alƙalin wasa yake da aiki. Yakan riƙe ƴan kwanton nan a aljihu, ba ya ɗora su a tebur sai an yi karo da su. Zuwan Beck kuma akan ɗaura shi ga ƙuri'a, a jefa a kowane zagaye, ta yadda ba wanda ya san sa'ar da zai ɓullo. Mai wasa da ya zauna yana kallon bakin tebur, yana fargabar mutum 6,000 su bayyana a gabansa, shi ne zai fahimci abin da ya sa saurayin bai jira gari ya waye ba.

Na uku shi ne wanda ya yanke hukunci. Da gari ya fara wayewa, Yarima da Gassion suka afka wa baraden Albuquerque a hannun dama, suka tarwatsa su. Amma a hannun hagu La Ferté ya sake gaggawa. Ya saki dawaki da sukuwa tun daga nesa, suka isa a gajiye, baraden Isembourg suka murƙushe su. Aka raunata La Ferté aka kama shi, aka raunata L'Hôpital, igogin Faransa suka faɗa hannun abokan gaba. Ba don Sirot da rundunar ko-ta-kwana sun toshe ɓarakar ba, da tsakiyar Faransawa ta rushe. Wato a wannan sa'a kowane ɓangare ya ci dama ya rasa hagu.

Al'adar barade a wancan zamani ita ce, in sun kori abokan gaba sai su bi su, su faɗa wa sansani domin ganima. Yarima ya tsai da nasa. Ya karkata da su ta bayan tsakiyar rundunar Ispaniya, ya keta dakarun Jamusawa da na Waloniya da ke sahun baya, ya zagayo har ya faɗo wa baraden Isembourg ta ƙeya. Littafi yakan taƙaita wannan da cewa dabara ce ta gwani. Mai wasa kuwa ya san nauyinta, domin kafin ya maimaita ta sai ya tsai da dawakin da suka ɗanɗana nasara, ya auna tafiya mai nisa cikin wutar bindiga, ya kuma yi fatan ƴan'uwansa na hagu ba su watse ba kafin ya iso. Ko ɗaya daga ciki ya kuskure, dabarar ta zama ganganci.

Tsayuwar ƙarshe

Bayan da barade suka watse, sai aka bar tsofaffin dakarun Ispaniya su kaɗai a tsakiyar fili. Suka dunƙule, suka kafa masu. Sau uku Faransawa na kai musu farmaki, sau uku ana mayar da su da wutar igwa da ta bindiga. Shugaban dakarun, tsoho Fontaine, ciwon gaɓoɓi ya hana shi hawa doki, a bisa kujera aka ɗauko shi zuwa fagen fama, a bisa kujerar nan kuwa aka kashe shi. Da harsashi ya ƙare musu, hafsoshinsu suka nemi aman. Yarima ya matso domin ya karɓa, wasu daga cikinsu suka zaci sabon hari ne suka buɗe wuta. Faransawa suka fusata suka shiga kisa, da ƙyar Yarima ya tsai da su. Kafin hantsi ya dubi ludayi an gama. Beck ya iso kusa, ya gamu da masu gudu, ya juya. Melo ya tsira da ransa. Faransa ta yi asarar mutum kimanin 4,000 tsakanin matattu da raunanne, Ispaniya ta yi asarar da ta fi haka, har da fursunoni kusan 4,000. Kujerar Fontaine tana ajiye a gidan tarihin soja na Invalides a Paris, masu wasa kuma sukan sassaƙa ƴar ƙaramarta su zaunar da tsohon a tsakiyar rundunarsa.

Abin da tebur ke koyarwa

Tun da mutum biyu aƙalla ake bukata, dole wani ya riƙe ɓangaren da aka ci. Wannan kaɗai ya isa ya sa a ji labarin da baki biyu. A Faransa Rocroi alfijir ne na mulkin Luwi na 14. A Ispaniya kuwa labarin mazaje ne da suka ƙi gudu bayan kowa ya bar su, marubutansu kuma na jaddada cewa na ƙarshensu an ba su sharuɗɗa irin waɗanda akan ba masu tsaron birni. Fim ɗin Ispaniya mai suna Alatriste na 2006 da wannan tsayuwa ya rufe. Wanda ya kwashe watanni yana yi wa ƴan tercio fenti ba zai yarda a ce masa ragwaye ne ba.

Haka kuma mai binciken da wasan ke tilasta wa mutum yana gyara wata magana da aka daɗe ana yi, wai a Rocroi ƙarfin Ispaniya ya ƙare. A Nuwamba na wannan shekara ta 1643 aka ragargaza wata rundunar Faransa a Tuttlingen ta ƙasar Jamus. Yaƙin ƙasashen biyu ya ci gaba har shekara 16. Duniya juyi-juyi: shi kansa Yarima ya yi wa sarkinsa tawaye, ya koma yi wa Ispaniya yaƙi, a 1656 ya taimaka aka ci Faransawa a Valenciennes, inda aka sake kama La Ferté, wannan karon tsohon maigidansa yana cikin masu kamun. Sai da Turenne ya ci yaƙin Dunes a 1658 kafin aka yi sulhun Pirene a 1659, aka yafe wa Yarima, Luwi na 14 kuma ya auri ƴar Filib na 4 a 1660. Daga baya ma reshe ya juya da mujiya: a Yuli 1808, zamanin Napoliyon, rundunar Janar Dupont ta Faransa ce ta ajiye makamai a gaban Ispaniyawa a Bailén, yaƙin da shi ma ake shimfiɗawa a bisa tebur.

Babban darasin dai ya shafi duk mai yanke shawara, ko a ofis ko a kasuwa. Mun saba auna shawara da sakamakonta: wanda ya ci mu ce gwani, wanda ya faɗi mu ce sakarai. Da Beck ya iso sa'a biyu kafin lokacin da ya iso, da yanzu littattafai na yabon haƙurin Melo, suna zargin yaron da ya ƙi jin maganar manya ya jefa ƙasarsa cikin wuta kwana biyar bayan mutuwar sarki. Ɗan kasuwar da ya taɓa tara hatsi yana jiran farashi, ko ya saki kaya kafin motar abokin takara ta iso, ya san wannan hali. Da abin da ke hannunka a sa'ar nan kake yanke hukunci, da na sani kuwa ƙeya ce. Wasan yana mai da mutum wannan sa'a, ya hana shi leƙen shafin ƙarshe.

Amma yana da iyaka, su kansu masu yin sa sun sani. Mai wasa a tsaye yake yana hangen filin duka daga sama, alhali Melo da Yarima hayaƙin albarushi ya rufe musu ido. Ƙuri'a ba ta san ƙishirwa ba, ba ta san kukan wanda mashi ya huda ba. Da yamma ta yi akan tattara waɗanda suka faɗi da waɗanda suka tsaya a mayar da su akwati ɗaya, abokan gaba su yi musafaha su sha shayi, mako mai zuwa a sake jera su. Dubban da suka kwanta a filin Rocroi ranar 19 ga Mayu 1643 ba wanda ya sake jera su. Allah ya bar mana yaƙi a bisa tebur, ya kiyashe mu da na gaske.